Jakar silikon, ta ruwan gishiri, ko kitsen jikinki? Abin dubawa kafin tiyatar ƙarin nono

Mata biyu kan shiga wurin likita da magana iri ɗaya a baki, wai a ƙara musu nono, alhali damuwarsu ko kusa ba ɗaya ba ce. Ta farko tun da ta balaga ƙirjinta bai cika ba, ko kuwa ɗaya ya fi ɗaya girma har ana ganewa ta cikin riga. Ta biyu da nata cike yake, sai da ta shayar da yara uku ko huɗu, ko ta rame bayan ƙiba, saman ya zabge, fatar ta saki, nonon ya kwanta. Ta farko cika take nema. Ta biyu kuwa sau da yawa ɗagawa take nema, ita kanta ba ta sani ba. Wadda ba ta raba waɗannan biyun ba tana iya zuba kuɗi masu yawa, ta tashi da babban nono kwantacce a madadin ƙarami kwantacce.

Akwai gwajin da za ki yi da kanki tun kafin ki ga kowa. Ki tsaya gaban madubi babu rigar mama, ki dubi kan nono, sannan ki dubi layin nan na ƙasa inda nono ya haɗu da ƙirji. Idan kan nonon yana sama da layin, ciko kaɗai zai iya yi miki. Idan sun yi daidai da juna, likita ne zai raba gardama bayan ya auna. Idan kuwa ya sauka ƙasa da layin, balle a ce yana kallon ƙasa, to babu jakar da ake sakawa cikin nono don ƙara girma da za ta ɗaga shi. Ɗagawa aiki ne daban: a yanke rarar fata, a mayar da kan nono sama, a ɗinke. Tabonsa ya fi yawa, domin yakan zagaye baƙin kan nono, ya gangaro ƙasa a miƙe, wani lokacin har ya bi layin ƙasan. Ana iya haɗa shi da saka jaka a zama ɗaya, sai dai haɗin ya fi yawan mayar da mace ɗakin tiyata don gyara, shi ya sa wasu likitocin suka fi son raba aikin biyu da tazarar watanni. Likitan da ya ce zai magance miki kwantaccen nono da ƙatuwar jaka kawai, ki yi masa sallama. Nauyin jakar ƙara jan fatar zai yi, ita da ta riga ta gaji.

To mu ɗauka cika kike nema. Hanyoyin da likitanci ya yarda da su uku ne: jakar silikon, jakar ruwan gishiri, da dashen kitsen jikinki. Masu talla kan kwatanta su ta fuskar kyan gani a watannin farko. Ni ma'aunin da na fi yarda da shi daban ne: me kowace take yi ranar da ta lalace, kuma a ranar kina ina, wa ke kusa da ke, nawa ne a hannunki? Domin jaka ba zaman har abada take zuwa yi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta bayyana a 2011 cewa cikin mata biyar da aka saka wa jakar silikon don ƙarin girma, har ɗaya kan kai ga cire ta cikin shekara 8 zuwa 10. Daga Oktoban 2021 kuma ta wajabta wa kamfanoni su rubuta gargaɗi ƙarara a takardar kayan, tare da wata takarda da likita zai bi da mace layi-layi, ta sa hannu kafin a taɓa ta. Budurwa mai shekara 25 da ta saka jaka yau, ta sa a ranta cewa da wuya wannan ya zama shigarta ta ƙarshe ɗakin tiyata a kan nonon nan.

Duka jakunkunan biyu fatarsu ta silikon ce, abin da ke ciki ne ya bambanta. Don haka wadda ta zaɓi ta ruwan gishiri da nufin kada silikon ya shiga jikinta ko kaɗan, ba ta tsira gaba ɗaya ba. Jakar silikon ita ce babba a shekaru: a 1962 wasu likitoci biyu a Houston ta jihar Texas, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara saka ta, da haɗin gwiwar kamfanin Dow Corning. Ta ruwan gishiri ta biyo baya daga Faransa 'yan shekaru kaɗan bayan haka. A shekarun 1970 aka riƙa yin jakar silikon da siririyar fata da ciki mai ruwa-ruwa don neman laushi, su ne suka riƙa yoyo da fashewa, ƙorafi ya yi yawa. A 1992 FDA ta dakatar da saka su don kwalliya, ƙararraki suka cika kotuna, har Dow Corning ya nemi kariyar fatara a 1995. Wani babban rahoto na masana a Amurka a 1999 bai sami hujjar cewa silikon na haddasa manyan cututtukan da ake zarginsa da su ba, amma sai a Nuwamban 2006 aka ɗage takunkumin. Tsawon shekaru 14 ɗin nan yawancin matan Amurka da ruwan gishiri aka yi musu aiki, don haka an san halinta sosai. Silikon ɗin yau kuwa mai kauri ne mai danƙo, ko an yanka jakar biyu yawancinsa a haɗe yake tsayawa.

A taɓi da gani, silikon ya yi nasara, babu ja. Ya fi laushi, ya fi kama da naman nono, kuma bai cika yin gargada a ƙarƙashin fata ba. Jakar ruwan gishiri ta fi tauri kaɗan, gefenta kan yi tattara da za a iya ji da yatsa, wani lokacin har a gani idan mace ta sunkuya, musamman ta wajen hammata da ƙasan nono. Sai dai wannan bambancin ya dogara ne da abin da zai rufe jakar. Siririyar mace da ƙashin haƙarƙarinta ke nunawa, wadda ba ta da naman nono, a jikinta ne bambancin ke fitowa fili. Mace mai jiki, mai ɗan nononta na kanta, wadda ƙari kaɗan take so, idan aka saka jakar ƙarƙashin tsoka bambancin kan ragu ƙwarai. Ruwan gishiri kuma na da nasa abin yabo. A naɗe ake shigar da jakar babu komai a ciki, sai ta zauna ake ɗura mata ruwan, don haka yankan ya fi ƙanƙanta, kuma likita na iya ƙara wa ɓangare ɗaya ruwa kaɗan don daidaita nonon da ba su kai juna ba. Ta fi araha. A Amurka ana saka ta daga shekara 18, silikon kuwa sai 22.

Yanzu ga ranar fashewa, inda nake ganin ainihin zaɓin yake.

Idan jakar ruwan gishiri ta huje, ba a ɓoye take yi ba. Cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki nonon zai sace, ki tashi ki ga ɗaya ya koma yadda yake da. Abin da ban tsoro da ban haushi, amma ruwan irin wanda ake ƙara wa marar lafiya ne a asibiti, jiki zai shanye shi ya fitar. Madubinki ya isa ya gaya miki, sai ki nemi likita a cire ko a canza. Jakar silikon kuwa shiru take fashewa. Da yake cikinta mai danƙo ne, kuma jiki ya riga ya yi mata wata yana ya kewaye ta, siffar nonon tana iya zama yadda take shekara da shekaru, ba ciwo, ba alama, har likita ma ya taɓa bai gane ba. Wani lokacin sai daga baya ne za a ji tauri, ko zafi, ko ƙulli, ko siffa ta sauya. Idan silikon ɗin ya keta yanar ya shiga naman nono ko ƙwayoyin kaluluwa na hammata, kwashe shi duka aiki ne mai wuya, wani lokacin ma ba ya yiwuwa. Saboda haka ne shawarar FDA ta 2020 ta ce mai jakar silikon ta yi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da babbar na'ura ke ɗauka, ko sikanin na nono bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk bayan shekara 2 zuwa 3, ko da ba ta jin komai.

Wannan shawara a Houston ko Landan magana ce mai sauƙi. A wajenmu sai an yi lissafi. Na'urar MRI a manyan birane take, a asibitocin koyarwa da wasu manyan cibiyoyi masu zaman kansu, kuɗinta ba kaɗan ba, kuma daga aljihunki zai fito tunda inshora ba ta cika ɗaukar abin da ya shafi kwalliya ba. Sikanin ya fi samuwa ya fi sauƙi, amma ba irin na awon ciki da ake yi a kowane lungu ba ne, yana buƙatar na'urar da ta dace da mai aikin da ya saba ganin jaka. Matar da ke zaune a Abuja ko Kano, mai halin biya, wadda ta san halinta na cika alƙawarin asibiti, silikon ba zai zame mata matsala ta wannan fuskar ba. Wadda kuwa ke zaune nesa da birni, ko take shirin ɓoye aikin ga kowa har ta kasa zuwa bibiya, ko ta tara kuɗin aikin da ƙyar babu ragowa, to jakar da ke tona asirin kanta idan ta fashe ta fi mata aminci, ko da laushinta bai kai ba. Sai dai ki sani, a Turai da Turkiyya silikon ne ya mamaye kasuwa, asibitoci da dama ba sa ma ajiye ta ruwan gishiri, sai kin tambaya tun da wuri.

Bayan abin da ke ciki, sai fatar jakar: akwai mai santsi, akwai mai kaushi. An ƙirƙiro mai kaushi ne don ta manne da nama kada ta juya, musamman jaka mai siffar ɗigon ruwa wadda ƙasanta ya fi samanta cika, wadda in ta juya nono zai karkace. A nan ba na jin akwai dogon tunani. Tun 2011 FDA ta fara sanar da wata sankara da ba a cika samu ba, mai suna BIA-ALCL. Ba sankarar nono da aka sani ba ce, ta ƙwayoyin garkuwar jiki ce, tana tasowa a yanar da ta kewaye jaka, kuma kusan duk waɗanda aka tabbatar da tarihinsu sun taɓa ɗaukar jaka mai kaushi. A Afrilun 2019 Faransa ta hana masu kaushi sosai, a Yulin shekarar kuma kamfanin Allergan ya janye samfurinsa na Biocell daga kasuwannin duniya. A lokacin FDA ta ƙirga mata 573 da suka kamu da 33 da suka rasu a duniya, 481 daga cikinsu da jakar wannan kamfani. In aka kwatanta da miliyoyin masu jaka adadin kaɗan ne, kuma idan an gano da wuri cire jakar da yanarta gaba ɗaya yakan wadatar. Alamarta mafi yawa ita ce nono ɗaya ya kumbura da ruwa haka kawai, shekaru bayan aiki, galibi wajen shekara 8 zuwa 10. Amma tunda zagayayyiyar jaka mai santsi tana ba da sakamako mai kyau ga mafi yawan mata, me zai sa ki ɗauki wannan kasadar, komai ƙanƙantarta? Wadda kuma ta riga ta saka mai kaushi ba ta jin komai, hukumomin ba su ce ta ruga ta cire ba, cewa suka yi ta san alamomin ta sa ido.

Matsalar da ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba ita ce ƙanƙancewar yana. Duk baƙon abin da ya shiga jiki sai jiki ya yi masa yana, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne idan yanar ta yi kauri ta matse jakar: nono ya yi tauri, ya dunƙule, ya haura sama, daga ƙarshe ya riƙa ciwo ko riga ce ta taɓa shi. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, na uku da na huɗu sai da wata tiyatar, kuma yana iya dawowa. Yana samun silikon, yana samun ruwan gishiri. Abubuwan da ke ƙara jawo shi sun haɗa da taruwar jini bayan aiki da ƙwayoyin cuta da suka maƙale wa jakar lokacin sakawa, wato tsabtar ɗakin tiyata da hannun likita sun fi sunan kamfanin jakar tasiri. Akwai kuma mata da dama da ke kukan gajiya, ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi da mantuwa bayan saka jaka. Babu wani gwajin jini da ke tabbatar da wannan, amma FDA ta sanya shi cikin gargaɗinta, kuma da yawansu sun ce sun sami sauƙi bayan an cire.

Sai wurin ajiye jakar, ko a saman tsokar ƙirji kai tsaye bayan naman nono, ko a ƙarƙashinta. Sama da tsoka ya fi saurin warkewa, ciwonsa kaɗan ne, nono kuma ba ya motsi idan kin yi aikin ƙarfi. Amma gefen jakar ya fi nunawa, kuma tare da jaka mai santsi ƙanƙancewar yana ta fi yawa a nan. Ƙarƙashin tsoka ya fi zafi a makon farko, sai dai tsokar na lulluɓe saman jakar, gangaren ƙirji ya fito kamar na halitta, hoton binciken sankarar nono ma ya fi fita. Aibinsa shi ne idan kika matse tsokar, kamar wajen daka ko ɗaga abu mai nauyi, nonon na iya motsawa ko ya ɗan lotsa na ɗan lokaci. Yawancin likitocin yau tsaka-tsaki suke bi, saman jakar a ƙarƙashin tsoka, ƙasanta a bayan naman nono. Yadda ake yanke hukunci ba wuya: likita zai tsunkuli naman saman ƙirjinki ya auna, idan kaurinsa bai kai wajen santimita 2 ba, ƙarƙashin tsoka ya fi.

Wurin yanka kuwa magana ce da ta shafe mu baƙar fata fiye da yadda takardun talla na Turawa ke nunawa. Fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke ci gaba da girma ya wuce bakin ciwon, yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Ki duba hujin kunnenki, da shaidar lamba a dantse, da ɗinkin haihuwa in an taɓa yi miki. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi tudu, ko abin yana cikin danginku, ki faɗa wa likita tun zaman farko, kuma ki sake tunani a kan dukkan aikin, balle ɗagawa mai dogon tabo. Haka idan kina shafa man bilicin, kada kunya ta hana ki faɗa, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana ciwo haɗewa. Shisha da taba ma haka, sai an bar su makonni kafin aiki da bayansa.

Yanka uku aka fi yi. Na layin ƙasan nono shi ne ya fi yawa, likita na ganin abin da yake yi sosai, ba ya ratsa hanyoyin ruwan nono, tabon kuma ya ɓuya a lanƙwasa. Na gefen baƙin kan nono yana ɓoye tabo a inda launi ya sauya, amma ta cikin naman nono yake bi, ya fi taɓa jijiyoyin ji da hanyoyin ruwan nono, ga ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanyoyin suna iya shafar jakar. Na hammata ba ya barin tabo a nono ko kaɗan, sai dai idan gyara ya taso galibi sai an sake yanka a wani wurin. Ga matar da ba ta gama haihuwa ba, layin ƙasa da jaka a bayan tsoka ne ya fi kiyaye shayarwa. Mafi yawan masu jaka suna shayarwa lafiya, kuma ba a sami hujjar cewa silikon na cutar da jariri ta nono ba, amma wasu ruwan nononsu kan yi ƙaranci. A inda ake shayar da yaro shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, madarar gwangwani kuma ta yi tsada, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ban da haka, ciki da shayarwa za su sake sauya nonon ko da jaka a ciki. Wadda ke sa ran haihuwa nan kusa, haƙuri ya fi mata riba. Wadda ta yaye kuma ta jira wata uku zuwa shida, ruwan ya ƙafe, nonon ya tsaya a girmansa na gaskiya. Jin daɗin taɓa kan nono ma yana iya raguwa ko ya ƙaru har ya dame ki. Yawanci yakan dawo cikin watanni, amma akwai waɗanda nasu ba ya dawowa, kuma girman jaka na ƙara wannan haɗarin.

Girma da cc ake auna shi, ba da lambar rigar mama ba. Ledar ruwan fiya-wata cc 500 ce, ki ɗora ta a tafin hannu ki ji nauyinta, sannan ki tuna cewa fatar ƙirjinki ce za ta ɗauki irin wannan dare da rana. Kusan cc 150 zuwa 200 ke ƙara mataki ɗaya na rigar mama, yawancin mata kuma tsakanin 250 da 400 suke tsayawa. Faɗin ƙirjinki ne ya kamata ya yanke girman, ba hoton wata a Instagram ba. Duk jakar da ta fi ƙarfin fata, ita ce ke saurin gangarowa ƙasa, ta sirantar da nama, ta jawo ciwon wuya da baya.

Hanya ta uku ba ta da jaka sam. A zuƙo kitse daga ciki ko cinya, a tace shi, a riƙa tsira shi kaɗan-kaɗan cikin nono ta ƙananan huji. Babu abin da zai fashe, babu yanar da za ta ƙanƙance, babu waccan sankarar, tabo kuma ɗigo-ɗigo ne, abin da ya dace da mai fatar da ke yin tudu. Taɓinsa na nono ne domin naman jikinki ne. To me ya hana kowa bin ta? Ƙarin da take bayarwa kaɗan ne, kusan mataki ɗaya a zama guda. Ba duk kitsen ke rayuwa ba, jiki kan shanye wani kaso, wani lokacin har kusan rabi, don haka sai bayan wata uku zuwa shida za ki san abin da ya rage, kuma sau da yawa sai an maimaita. Wanda ya mutu a ciki yana iya zama ƙulli ko ƙaramar jakar mai, ya tayar miki da hankali ki ɗauka sankara ce, har sai an yi hoto ko an ɗebi nama an gwada. Idan kika rame nonon zai rame tare da ke. Ba ya ɗaga kwantacce, ba ya ba da cikar sama irin ta jaka. Kuma abin takaici, siririyar da ta fi kowa son ƙarin ita ce ba ta da kitsen da za a ɗiba. Amma ga mace mai ɗan tumbi bayan haihuwa, wadda saman nononta ne kawai ya ɗan zabge, ko ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ni wannan zan fara tambaya a kai kafin a yi zancen jaka.

Mayukan shafawa, da garin hulba, da haɗe-haɗen da ake tallatawa a WhatsApp ba su cikin wannan kwatancen, domin babu wanda aka tabbatar yana ƙara nono dindindin. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe kumbura jiki duka suke yi, su bar mace da hawan jini ko ciwon suga. Mafi muni ita ce allurar ciko da ake yi a ɗakin otal ko shagon kwalliya, a ɗura ruwan silikon ko wani abu mai kauri kai tsaye cikin nama. Ba shi da jakar da za ta riƙe shi, yana yawo, yana ƙullewa, yana ruɓar da nama, in ya shiga jijiyar jini ya kai huhu yana kisa, kuma cire shi kan kai ga yanke nonon. Ko kyauta aka ce za a yi miki, ki gudu.

Saura a ina za a yi. Turkiyya, Masar, Dubai da Indiya suna da ƙwararru na gaske, suna kuma da 'yan kasuwa masu sayar da tiyata haɗe da otal da mota. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne cikin allurar barci. Abin da ke biyo baya shi ne mai tsawo: mako ɗaya ko biyu na hutu, mako huɗu zuwa shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba goyo, ga rigar mama ta musamman dare da rana, wadda sanya ta a zafin Afrilu wata jarrabawa ce, gara a dubi lokacin sanyi. Taruwar jini a kwanakin farko take zuwa, amma ƙwayar cuta na iya ɓullowa bayan makonni, lokacin kin riga kin dawo gida, likitanki kuma ya zama lambar waya. Hawa jirgi na sa'o'i da ɗanyen ɗinki na ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka aƙalla mako guda ya kamata ki yi a can. In za ki fita, ki sami likitan tiyatar gyaran jiki a gida da ya yarda zai karɓe ki tun kafin ki sayi tikiti. In a Najeriya za ki yi, ki tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kuma ya yi horon ƙwarewa a wannan fannin, ba shaidar likita kawai ba. Ƙungiyarsu ta ƙwararru, NAPRAS, wuri ne na tantancewa. Ki tambayi wa zai ba da allurar barci, da inda za a kai ki in abu ya ɓaci cikin dare.

Ko ina aka yi, kada ki bar asibitin sai da katin jakar a hannunki, mai sunan kamfani, da samfuri, da girma, da lambar kowace ɗaya. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince da shi ga jikin mutum ba. An kiyasta mata wajen 300,000 a ƙasashe da dama sun ɗauke su, mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ya sami hukuncin ɗaurin shekara huɗu a 2013. Da labarin ya fashe, mata da yawa ba su ma san wace jaka ce a ƙirjinsu ba, wasu asibitocin da suka yi musu aikin sun rufe. Katin ne kuma za ki nuna duk ranar da za a yi miki hoton binciken sankarar nono, domin jaka na kare wani sashe na naman, sai an ɗauki ƙarin hotuna ta hanyar tura jakar baya.

Musulma za ta so sanin matsayin addini, kuma malamai sun bambance tsakanin gyaran lahani da ƙarin ado. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta sake gina nono ga wadda aka cire wa, da gyara shi idan girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga cutarwa, ta kuma hana tiyatar da ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda kwaikwayo da son zuciya kawai. Hujjar da aka fi kawowa a ɓangaren gyara ita ce ta sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. A ina taki matsalar ta faɗa, wannan tsakaninki ne da malamin da kika yarda da iliminsa, kuma gara a yi tambayar kafin biyan kuɗin ajiya. In kuma don tsoron kishiya ne ko gorin maigida, ki tuna ke ce za ki kwanta a gadon tiyatar, ke ce kuma za ki koma bayan shekara goma ko sha biyar, ko auren yana nan ko ba ya nan.

Da 'yar'uwata ce ta tambaye ni, ga yadda zan raba mata. Siririya marar naman nono, mazauniyar birni mai halin bibiya: zagayayyiyar jakar silikon mai santsi, matsakaiciya, ƙarƙashin tsoka, yanka ta layin ƙasa. Mai jiki da ɗan nononta, wadda asibitin ƙwararru ya yi mata nisa: jakar ruwan gishiri, ita ma ƙarƙashin tsoka, yanka ta layin ƙasa. Mai son ƙari kaɗan da ke da kitsen bayarwa, ko mai tabon tudu: dashen kitse. Wadda nata ya kwanta: ɗagawa tukuna, ta zauna da shi wata shida, sau da yawa za ta ga ba ta ma buƙatar jakar. A kowane hali ta tambayi likita farashin cirewa da na canzawa tun yanzu, a rubuce, ta ware kuɗinsu gefe, da sanin cewa jakunkunan daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Ta kuma tambaye shi yadda nonon zai kasance ranar da aka cire ba a mayar da wata ba, domin fatar da ta miƙe shekara goma ba ta komawa yadda take, kuma mata da yawa a wannan ranar sai an haɗa musu da ɗagawa.